Ranar da 'yan ƙwallon Wagini suka yi shuka da rigunan wasa

Shekarun baya, tun gashin baki bai gama fito mana ba, an taɓa yin ƙungiyar ƙwallon ƙafa a Wagini. Yaran yanzu ba su san da ita ba, kuma ban ga laifinsu ba, don rani biyu kacal ta yi a duniya.

Yayan abokina ne ya kafa ta. Ya yi zaman Kaduna yana aiki a masaƙa, da aikin ya ƙare sai ya dawo gida da kayan gyaran keke da ƙwallon fata guda. Kafin zuwansa tsumma muke ƙullewa mu yi ta bi a lungu. Shi ya fara koya mana cewa kowa yana da wurin tsayawa a fili, ba wai duk gari ya ruga inda ƙwallo ta nufa ba. Kyaftin muke ce masa, har dattawa suka ɗauka.

Ni a baya ya ajiye ni. Ya ce aikina ɗaya ne, in ƙwallo ta zo in doke ta ta yi nisa, ko ina ne. Wannan kam na iya. Golanmu kuwa wani dogon Bafillace ne daga rugar da ke gabas da gari. Yana dawowa daga kiwo zai jingine sandarsa ya shiga raga, kuma da wuya ka ji ya yi magana.

Fili ne ba mu da shi. Kyaftin ya ja ni muka tafi wurin wani dattijo mai gona a bakin gari, muka durƙusa aka yi doguwar gaisuwa.

Kyaftin ya ce, "Baba, aron gonarka muke so, tunda an cire amfani."

"Me za ku shuka da rani?"

"Ba shuka ba ce, Baba. Wasa ne."

Tsohon ya ce, "Na ba ku. Amma ranar da ruwan shuka ya sauka, gonata ta dawo hannuna."

Muka tuge sauran kara, muka baje kunyoyin gonar, muka kafa itatuwan raga. A rani na biyu har labarinmu ya kai ƙasar Safana. 'Yan Tsaskiya, waɗanda kowa ke shakkar haɗuwa da su, suka aiko cewa za su zo mu gwada. Ba mu taɓa karɓar baƙi irinsu ba. Telan garinmu ya ɗinka mana shuɗɗan riguna, mahaifiyata da ba ta san komai a kan ƙwallo ba har da tambayata ko za a ba mu tukwici in mun ci.

Ranar wasan muka wayi gari ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ruwa ya yi saurin zuwa a shekarar, ba wanda ya zata. Kowa ya yi sammako ya taya gidansu shuka, da rana ta take muka sa rigunanmu muka nufi fili. A can muka tarar da tsohon nan tsaye shi kaɗai, da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri a hannu. 'Ya'yansa suna wurin cin rani ba su dawo ba. Ya dube mu da sababbin riguna, ya dubi gonar da muka daddaɓe da ƙafa har ta yi tauri.

"Na ji an ce baƙinku suna hanya," ya ce. "Ku yi wasanku. Gobe na shuka."

Wallahi daɗi ya kama mu, ni ne ma na fara godiya. Alhali dukanmu 'ya'yan manoma ne, mun san kafin gobe laimar ta gudu, kuma ba wanda ya san ranar da wani ruwan zai zo.

Kyaftin ya ce, "A'a, Baba. Ba haka muka yi da kai ba."

Abokina, ƙanen nasa, ya ce, "Haba Yaya, shi da bakinsa ya yarda!"

"Nauyinmu ya ji. Ku cire itatuwan nan. Kowa ya je gida ya ɗauko sungumi."

Golanmu ne ya fara rungumar icen raga ya jijjige shi.

Muna cikin saran shuka akori-kura ta tsaya a bakin hanya, 'yan Tsaskiya suka diro, wasunsu har da takalman ƙwallo. Su can ko ɗigo ba a yi ba. Suka tsaya suna kallonmu, wasu na sara, wasu na zuba gero suna binnewa da diddige, rigunan nan sun yi kaca-kaca da laka. Shugabansu ya tuntsire da dariya.

"Kai jama'a! Wasa muka zo ko gayya?"

Kyaftin ya je ya yi masa bayani. Mutumin ya daina dariya, ya dubi tsohon, sai ya sunkuya ya kwance takalminsa.

"Ku ba mu sungumi. Mu ma a gona aka haife mu."

Kafin la'asar gonar ta shuku kaf. Bayan salla muka ɗauki itatuwanmu muka koma wani faƙo a bayan gari, wurin da ko ciyawa ba ta fita. A nan aka yi wasan. Sun ci mu, ba zan faɗi ko nawa ba. Ba don golanmu ba, da abin ya fi haka muni, ya yi ta faɗuwa a kan tsakuwa har gwiwoyinsa suka yi jini. Tsohon ya zo ya shimfiɗa buzunsa a gefe, karon farko da ya kalli ƙwallo a rayuwarsa, yana ta tambayar na kusa da shi, "Su wane ne namu?" Da kaka ta yi, ya ɗora damman gero a jaki ya ce a kai Tsaskiya.

Bai ga wata daminar ba, Allah ya jiƙansa. Magada suka raba gonar, golanmu ya bi shanunsu kudu, Kyaftin ya koma Batsari da sana'arsa. Ba wanda ya ce an rushe ƙungiya, rani dai ya zagayo ba mu taru ba.

Kwanakin baya na biya ta rumfarsa a Batsari, kansa ya yi fari fat. Na ce, "Kyaftin, da a filinmu muka buga ranar nan, da mun ci su."

Ya yi dariya har da tari. "Ko a tsakar gidanku aka buga, sai sun ci mu."

Gaskiyarsa. Mu ba gwanaye ba ne, ba mu taɓa ɗaga kofi ba. Amma tun daga ranar na ga mutane da yawa masu cika alkawari don an tsare su da ido. Wanda mai haƙƙi ya ce masa "na yafe, je ka," ga jama'a suna so, ga baƙi a hanya, ya ce a'a, shi ɗaya na taɓa gani.