Barci a Gaban Majigi

Ko da zan manta da komai na zamanin Turawa, ba zan manta gardamar da aka yi a tsakar gidanmu a Birnin Gwari ba, washegarin zuwan majigi.

Tun kafin nan hankalina ba a kwance yake ba. 'Yata ta fari, mai shekara shida, ta koma sai barci. A ba ta tuwo, ta gyangyaɗa da loma a hannu. Uwar mijina ta ce lalaci ne, ni na sangarta ta. Ni kuwa yarinya ce a lokacin, ban iya musu da manya ba, sai in shiga ɗaki in yi ta kallonta.

Ran nan motar majigi ta zo, aka kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba. Duk gidanmu muka je. Aka nuna mutane suna faɗa a kan dawaki. Da dawakin suka taso kamar za su faso ƙyallen, sai fili ya watse da ihu, wasu har suka bar takalmansu.

Da safe ina daka, gardama ta kaure. Ƙanin mijina ya ce babu wurin da ya kai inda mutumin nan ya diro daga doki ya faɗa kan jirgin ƙasa yana gudu.

"Kai tafi can!" in ji uwar mijina. "Tasowar dawakin nan ita ce kallo."

"To Inna, yaya aka yi kika gani, alhali ke kika fara kaiwa gindin tsamiya da gudu?"

Ana cikin dariya sai ga Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Kakangi. Ita ma ta kalla. Ta ce manya duk son zuciya gare su, a tambayi yaro. Ta juya wurin 'yata: "Ke ƙawata, wanne ya fi?"

"Ban ga komai ba."

Uwar mijina ta ce lalacin nata ke nan. Na ce ai barci ta yi a cinyata tun daga farko har ƙarshe.

"Har lokacin da aka watse?"

"Har lokacin."

Matar nan ta daina dariya. Ta sauke ƙwaryarta, ta shafa bayan wuyan yarinyar, ta kama hannuna ta ɗora. Na ji wasu ƙullutai kamar gurjiya.

"Kina zuwa da ita wanki rafin kurmi, ko? Cizon ƙudan tsando ne. Inna, wannan ba lalaci ba ne, ciwon barci ne. Shi ya ɗauke mini ƙane."

Uwar mijina ta miƙe nan take. Ita da kanta ta goya yarinyar zuwa wurin malamin asibiti. Ya duba wuyan, ya ce da mun ƙara wata biyu, da sai dai haƙuri. Makonni muka yi muna zuwa allura tana kuka, ni ma ina yi. Yau 'yar nan tana da jikoki.

Na koyi cewa abin da uwa ta gani a jikin ɗanta ba rashin kunya ba ne ta faɗa. Na yi shiru wata uku, sai da gardamar dawaki ta yi magana a madadina.

Roƙona gare ku biyu ne. In yaronku ya yi barci inda kowa ke ihu, kada ku zage shi, ku kai shi a duba. Sannan ku sa matar nan mai nono a addu'a. Ban ƙara ganinta ba bayan sun tashi da shanunsu.