Duwatsun Gidan Tiriya

A shekarar 1976 Damu Tiriya ya fara yin ido biyu da baƙar damisa. Ya gangara rafi ne, sai ga ta a ɗaya gaɓar, ratsin jikinta ya haɗe har jan ya kusa ɓacewa. Ta dube shi, ta sha ruwa, ta tafi abinta. Da ya ba matarsa Jambi labari, cewa ta yi, "Giyar shinkafa ce ta baƙanta maka ita."

Ƙauyensu na tsakiyar daji, gidaje kewaye da faffaɗan duwatsun da mutanen ƙabilarsu ta Ho ke ɗorawa a kan matattunsu. A ƙarƙashin ɗaya 'yarsu Suru take kwance.

Sai da Damu ya yi furfura ma'aikatan daji suka zo da bayani. Damisun sun yi kaɗan, an datse musu hanya, jini ɗaya ke ta auren kansa. Baƙin launin nan ba ya fita sai ɗa ya gado shi ta uwa da ta uba. In ƙauye ya tashi, damisun wasu dazuzzuka za su sami hanyar shigowa.

Damu ya kama baki. A wurin mutanensa babu abin kunya kamar aure cikin zuri'a ɗaya, ko abinci ba a ci da wanda ya yi shi. Tausayin damisun ya kama shi. Shi ya bi gida gida yana lallashin mutane su yarda a tashi.

"Baban Suru, ka zama dillalin auren damisa?" in ji Jambi. "To, ni wa zai kwantar da ni kusa da 'yata?"

"Ai sun ce duwatsun namu ne, ƙofar daji a buɗe take gare mu."

"Sun ce! Kunnenka ya ƙoshi, ko?"

Aka kwashe su zuwa gidajen kwano a bakin titi, inda ko inuwar bishiya babu. Can Jambi ta rasu. Aka ƙona gawar, Damu ya tattara ƙasusuwan cikin 'yar tukunya, ya nufi ƙofar daji. Mai gadi ya ce, "Baba, an hana. Ƙafar mutum na firgita dabbobi."

Yana rufe baki ya ɗaga sandar ƙofa, motar 'yan yawon buɗe ido ta wuce, ana ta shewa. Wato ƙafar wanda ya ba da gidansa ita ke firgita damisa, amma ban da tayar mota! Ba wanda ya ji kunya ran nan.

Damu ya koma gida. Ya sayar da akuyarsa don kuɗin shiga, ya sa wankakkiyar riga, ya shiga motar tare da baƙi, tukunya a kan cinya. Da suka kai mararrabar tsohuwar hanya ya taɓa kafaɗar direba.

"Ɗana, tsaya. Fitsarin tsoho ba ya jira."

Suka yi ta danna ƙaho har suka gaji. Sai da rana ta karkata ya ɓullo a ƙofa da ƙafa, gwiwoyinsa duk ƙasa, farcensa na jini.

"Baba, ka so ka ja min kora!" in ji direba. "Ina tukunyar abincinka?"

Damu ya kakkaɓe hannuwansa. "Tana wurin 'yarta," ya ce.