Ranar da Malam Ya Yanka Shanun Inna

Mahaifiyata tana 'yar yarinya ta baro rugarsu, ta biyo ayarin alhazai a ƙafa, kuma tun daga nan ba ta sake ganin garken shanu a makiyaya ba. A Madina sai raƙumi da akuya mai cin kwali. Shi ya sa da na ga wani hoton shanu a shagon wani dillalin tsofaffin kaya a unguwar Anbariyya na saya mata. Dillalin ya ce aikin wani Bafaranshe ne: farantin tagulla yake karcewa, ya shafa tawada, ya danna a takarda. Daga kusa kamar kaza ta yi tono. Sai ka ja baya shanu su fito, da wata mata mai sanda a gindin bishiya.

Inna ta ce idon mutumin irin nata ne, hazo-hazo. Ta rataye shi a ɗakinta a gidanmu na unguwar Ƙurban, ta raɗa wa kowace saniya suna, da safe har gaishe su take yi. Ban taɓa ganin ta da walwala haka ba.

Mijina kuwa ɗalibi ne daga Najeriya, yana shekara ta biyu a jami'a, daidai lokacin da ilimi ke yi wa mutum ƙaiƙayi. Ya ce hoton abu mai rai ne, mala'iku ba za su shiga gidan ba. Gidan da yake ci yake sha kyauta, shi bai taɓa ƙin shiga ba.

Na roƙe shi har na gaji. Ya yi mana rangwame: zai ja layi a wuyan kowace dabba, ta zama ba mai rai ba. Ya ɗauko jan biro ya duƙufa. To, Bafaranshen bai nuna inda saniya ta ƙare ciyawa ta fara ba. Malam ya yanka shanu, ya yanka matar, don kore shakka ya haɗa da tarin ciyawa guda biyu. Haushi ya hana ni dariya.

Inna ba ta yi wa suruki magana kai tsaye. Ta ja baya yadda ta saba, ta daɗe tana kallo.

“Ke, tambayi malamin naki, ya yi bisimilla kuwa?”

“Ya Ummi, yanzu ai ya halatta,” na ce mata. “Za ki iya barin sa.”

“Halas, shi ke nan, sauke shi. Ni kiwo na taso ina yi, ban taɓa zaman mahauta ba.”

Da na tsaya jinkiri, ta miƙa hannu ta sauke da kanta, har ƙusar ta cire.