Tsohuwa Mai Adon Ƙayar Kifi

A bakin ruwan Yauri, cikin masu jiran kwalekwalen Warra, na ga wata tsohuwa zaune da faifan duwatsun ado a cinya. Idonta ɗaya ya yi fari, amma allurarta ba ta kuskuren rami. Abin wuya take shiryawa, shuɗi da ja, a jere kamar ƙayar kifi.

Wata amarya Bafulatana tana tsaye tana leƙe, kunya ta hana ta tambaya. Tsohuwar ba ta ko ɗago ba, ta warware rabin aikin, ta sake somawa a hankali.

"Matso, ɗiyata. Nan ake juya zaren."

Mai tallan jigida da ke gefe ta taɓe baki. "Inna Tabawa, haka za ki yi ta raba wa kowa sana'arki?"

"Garin da na koyi adon nan yana ƙarƙashin tabkin ga," in ji ta. "Shi ma in bari ya nutse?"

Ban san me kuma ruwan madatsar Kainji ya raba ta da shi ba. Na dai ga ta miƙa wa amaryar allurar, ta riƙe mata hannu har suka juya zaren tare.