Kiwon Inna a Cikin Baho

Ni na dage sai da aka ɗauko Inna daga Utai. Da ta fita takabar Baba, gwiwoyinta suka matsa mata, na ce wa Yayana ba zan zuba ido mahaifiyarmu tana jan guga ba, alhali ina da famfo da fanka a Sabon Gari. Yaya ya ce a tambaye ta tukuna. Na ce tambayar me? Ni idan na kafe a kan abu, gara kawai a ba ni hanya. Abin da ya rage shi ne awakinta. Gidan haya nake, tsakar gidan siminti ne, mai gidan kuwa ko kaza bai yarda a ajiye masa ba. Wata Juma'a Yaya ya kora su kasuwar Wudil. Inna kuwa igiyoyinsu kawai ta naɗe ta cusa a ƙasan jakarta.

Na yi mata duk abin da na san ana yi wa uwa. Sabuwar katifa, rediyo, maganin gwiwa a kan lokaci. In fita aiki da safe in bar ta a kan tabarma, in dawo in same ta a nan, ko inuwa ba ta bi ba. Duk abin da na tambaya, amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, Allah ya yi miki albarka." Tuwon ma sai dai ta tsakura. Matar da a Utai ake jin muryarta daga bayan katanga tana faɗa da ɗan akuya, ita ce ta koma haka a hannuna. Abin yana cina, amma ban yarda na kira shi da sunansa ba.

A ɗakin gwaje-gwaje na jami'a nake aiki. Wasu ɗaliban noma sun gama bincike a kan dodon koɗi, irin manyan nan na kurmi da ɗaya ke cika tafin hannu, ba ƙananan katantanwar da muke murzawa muna yara ba. Guda huɗu suka rage, ba mai so. Tausayi ya kama ni na ce a ba ni. Wata ɗaliba ta yi min kashedi biyu: kada gishiri ya kusance su ko kaɗan, sannan in riƙa daka musu ɓawon ƙwai saboda ƙoƙon bayansu. Na ce na ji.

Na zuba ƙasa a bahon roba, na huhhuda murfin da ƙusa mai zafi, na ajiye a bayan randa. Inna ta leƙa, ta ja da baya.

"Auzubillahi! Ke, karatun naki ne ya kai ki kiwon majina?"

Na yi dariya har da hawaye. Rabona da jin ta tsokane ni tun kafin rasuwar Baba.

Ba a yi nisa ba ta fara kushe kiwon nawa. Ƙasar ta bushe. Ganyen latas ɗin ya kwana. Wane irin mai dabba ne zai bar tururuwa tana hawa garkensa? Da kanta ta ɗora bahon a kan kujera 'yar tsugunno, ta sa ƙafafun kujerar cikin gwangwanaye masu ruwa. Ta sa aka ɗebo mata ƙasa mai laushi daga bakin kogi, ta shimfiɗa busasshen ganyen mangwaro a sama don su sami wurin ɓuya. Da ta idar da sallar asuba sai ta ɗauki buta, ta zuba ruwa a tafin hannu tana yayyafa musu, su kuma su miƙo ƙahonninsu. Babban ta sa masa suna Uwar Garke, duk da na ce mata waɗannan ba a raba namiji da mace a cikinsu. Ta ce wannan kuma tsakaninki da malamanku.

Saboda su Inna ta fara fita. Ta gano gidan da ke da bishiyar gwanda, ta shiga ta gaisa, ta fito da ganye da sabuwar ƙawa. Mai kankana na bakin titi ya san ta, yana tara mata ɓawo. Ta gane sun fi son kabewa a kan gurji, kuma idan aka yanka ta sirara sun fi ci. In dawo aiki, tun daga zaure ake tarbata da labari: wane ya haye murfi, wane ya ƙi cin komai yau. Kwanonta ya fara dawowa wayam. Ni kuwa sai na saki jiki, ina yaba wa kaina dabara. A raina abin wasa na samo wa tsohuwa. Kashedin nan biyu ban taɓa zama na faɗa mata ba, na ce ai ganye kawai take ba su, ɓawon ƙwan kuma kullum sai gobe.

Da bazara ta shigo, wata safiya na makara, waya a kunne, mai adaidaita yana ta danna min ham a waje. Inna ta tare ni da Uwar Garke a hannu.

"Ke, dubi bakin ƙoƙonta, yana gutsurewa. Dabba idan ta rasa wani abu a jiki sai ta nuna. Me ake ba su?"

Amsar tana bakina. Ɓawon ƙwai, shi ke nan. Amma hankalina yana kan wayar, na ce, "Inna, yi musu yadda kike yi wa awakinki kawai." Na fice.

Duk wanda ya yi kiwo a ƙasar nan ya san abin da ake yi wa akuyar da ta rame: kanwa ake jiƙa mata. Inna ta taka da gwiwoyin nan nata har kanti, ta zaɓi jar kanwa mai kyau, ta jiƙa, ta yayyafa a ganyen, a ƙasar, da su kansu.

Da la'asar na same ta zaune dirshan a gindin famfo, zaninta ya jiƙe sharkaf. Ta kifar da ƙasar bahon, tana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya tana wankewa. Kumfa ce ke fita daga jikinsu kamar an zuba sabulu, naman ya tsuke ya koma ciki.

"Inna! Me kika yi haka? Wa ya sa ki?"

Da muryar da nake yi wa ɗalibin da ya fasa kwalba na yi mata, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

"Kanwa na ba su," in ji ta.

"Kanwa? Ai gishiri ce a wurinsu, kashe su take yi! Haba Inna!"

Ta ɗago ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, da ma a ce fushin ne.

"Ba ki faɗa min ba, 'yar nan."

Ta sunkuya ta ci gaba da wankewa. Ni kuma na tsaya da jaka a kafaɗa, kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina.

Uku ba su kai gobe ba. Na huɗun, ƙaramin cikinsu, mun tono shi a cikin ƙasar da aka kifar. Ashe tun da zafi ya fara ya nutse can ƙasa, ya toshe bakin ƙoƙonsa da wani farin abu mai kama da takarda. Na ce mata wannan barci yake, haka suke yi da rani, idan ruwa ya sauka zai buɗe. Ta ce, "Kada ki lallashe ni kamar yarinya." Ba ta ƙara kallon bayan randa ba.

Na durƙusa na ba ta haƙuri, ba sau ɗaya ba. Ta ce ba komai, ta sa min albarka. Albarkar nan ta fi zagi zafi, don irin wadda take yi min ce a farkon zuwanta. Ta koma kan tabarma. Bayan 'yan kwanaki ta ce in kira mata Yayana, tana so ta je ta ga gida. Na san ba gani za ta je yi ba. Wannan karon ban kafe ba. Da ake sa kaya a mota na ga bakin igiyoyin nan ya leƙo daga jakarta.

Na sake wa ƙaramin sabuwar ƙasa. Kowace asuba in yayyafa ruwa da buta yadda na ga tana yi, ina jin kaina kamar mai ban ruwa ga dutse. Ɓawon ƙwai kuwa na daka har ya cika gwangwani, yanzu da ba mai ci.

Washegarin ruwan farko na ɗaga murfi, sai ga farin abin a gefe, shi kuma yana kan ganyen gwanda yana ci a hankali. Ko karin kumallo ban yi ba. Na sa shi a ƙaramin bokiti, na rufe, na tsallaka tasha. Duk hanyar Utai ina shirya maganar da zan yi: kin gani ko, Inna, ba ƙarya na yi miki ba, ba duka suka mutu ba, ki zo mu koma.

A gindin darbejiya na same ta, ta rame kaɗan, tana yi wa wata 'yar akuya masifa a kan ta ci mata shanyar kuɓewa. Matar Yaya ce ta ba ta kiwo. Tun daga ƙofar gida na ji muryar.

Muka gaisa, ta tambayi aiki da maƙwabta, har da mai kankana. Sannan na buɗe bokitin. Ta daɗe tana kallo. Ta jiƙa hannunta, ta ɗora shi a tafinta, ya miƙo ƙaho.

"Ikon Allah. Ashe da gaske kike."

"Inna, ɗakinki yana nan yadda kika bar shi."

Sai ta tsinko ganyen kabewa a jikin danga ta sa masa, ta mayar da shi, ta miƙo min bokitin. Murfin ta riƙe a hannunta tana jujjuyawa, tana duba 'yan hudojin da na yi masa.

"Koma da shi, ya saba da can," ta ce. "Ci da sha dai kin iya bayarwa, wannan na shaida. Amma ki riƙa buɗe masa yana shan iska."

Na karɓa da hannu biyu. A mota na rungume bokitin a cinyata, murfin a ƙarƙashin hammata, ina kuka a cikin mayafi har muka shigo Wudil.