Bangon da Rabo Ya Zana wa Wansa

A Madawa ba wanda bai san hannun Rabo ba, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ya zana kawunan da ke ƙofar masu aski, da almakashin da ke allon teloli, da zakunan da ke bayan manyan motocin kamiyon masu ɗaukar albasa. Da fentin gwangwani yake wannan, aikin neman tuwo ne. Zanen da ya ɗauka nasa ne kuwa, da ƙasa yake yinsa.

Mutumin Garhanga ne. Wurin mahaifiyarsa ya koyi haɗa launi, in tana gyaran ɗaki: jar ƙasa daga gindin dutse, farar ƙasa, gawayi, a dama su da ruwan ƙaro don su kama bango. Da ya isa saurayi ya tafi cin rani Abijan kamar kowa, can ya karɓi bin Almasihu. Da ya dawo ba a kore shi ba, ba a zage shi ba. Da aka fito da tuwo, sai aka zuba masa nasa a kwano dabam aka ajiye gefe, 'yan'uwansa suka kewaye akushinsu. Ya ci, ya yi godiya. Bayan girbi ya sauko Madawa.

Bai yi aure ba. Ɗaki ɗaya gare shi a bayan 'yar majami'armu ta laka, kuma mu ɗin ba mu da yawa. A bangon ciki ya fara zana Jibin Ubangiji, abincin ƙarshe da Yesu ya ci da mabiyansa. Ba tebur, ba kujera. Tabarma ce, maza sun tanƙwashe ƙafa, hannuwansu duk cikin akushi ɗaya. Yesu ya ba mai kallo baya, don Rabo ya ce bai san kamanninsa ba. Sauran fuskokin kuwa duk na 'yan gidan su Rabo ne.

Abin da yake so bai fi ɗaya ba, wansa Idrisa ya ga zanen nan da idonsa. Idrisa yakan kawo albasa ranar kasuwa, su gaisa a bakin hanya, ya tambaye shi jiki, amma ƙafarsa ba ta taka majami'a. Sai Rabo ya roƙi Fasto Ɗangana ya bar shi ya mai da zanen bangon waje, wanda ke duban hanya.

"Ruwan farko za ya wanke shi, Rabo," in ji Fasto.

"In ya wanke in sake, Baba."

Haka aka yi ta yi. Damina ta wanke, kaka ta yi ya sake, yana ƙara wa fuskokin furfura yadda masu su ke tsufa. Da Idrisa ya ji labari, sai ya riƙa zagawa da amalankensa ta bayan tasha. Rabo yakan zauna gindin bangon har kasuwa ta watse, ya kakkaɓe wandonsa ya shiga ɗaki.

Bara tari ya kama shi, aka kwantar da shi asibiti. A lokacin ne aka yi gayyar yaɓe, wadda ake yi kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Da can Rabo ne ke lallaɓa bangon hanya da kansa, ya toshe tsaga ba tare da ya taɓa fuska ba. A wannan karon bangon ya dare, ga hadari ya fara haɗuwa, 'yan gayya suka shafe shi da laka daga sama har ƙasa. Ba da mugunta ba, sun ce ai zai sake kamar kullum. Amma da aka sallamo shi ko moɗa ba ya iya ɗagawa.

Ana nan sai ga Idrisa ya zo dubiya. Ya zauna bakin ƙofa, ya daɗe yana kallon yadda ƙanensa ya rame.

"Tashi ka gwada mini abin ga da kad dame ni da shi," ya ce.

Rabo ya dafa kafaɗarsa suka zagaya. Ba komai a bangon sai sawun yatsun masu yaɓe. Bai ce an shafe ba. Ya ɗaga sandarsa da ƙyar yana nunawa.

"Nan Baba yake. Nan Halidu, shina hararen nama."

"Halinshi ne! Ni hwa?"

"Ga ka nan dama, Yaya."

"Hala ka yi mini tumbi, ɗan banza?"

"Yadda Allah Yay yi ka."

Idrisa ya yi dariya har ya share ido. Can ya ce, "Kai kana ina?"

"Kusa gare ka. Gwiwata na taɓa taka."

Idrisa ya daɗe yana duban wurin da sandar ta tsaya. Daga nan ya ce in kaka ta yi a aika masa, ta nan zai biyo.

Rabo bai ga kaka ba. Gero na fitar da kai muka kai shi makwancinsa, Idrisa na tsaye can nesa gindin wata aduwa, bai tafi ba sai da kowa ya watse.