Akwatin Hajiya Innayatu 'Yar Panya

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya sanya saɓanin harsunan bayinSa cikin ayoyinSa. Ina rubuta wannan raina a ɓace, kuma na farkon waɗanda nake fushi da su ni ne.

Hajiya Innayatu Shittu ta rasu a unguwarmu ta Ƙiblatain a Madina cikin Rajab na shekarar 1419, muka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Maƙwabta sun san ta da 'Yar Panya, tsohuwar nan mai yaren Nasara. Shekara ashirin da wani abu tana cikinmu, ba mu tambaye ta komai ba.

A tsibirin Panya aka haife ta, inda mahaifinta, Bakano, ya je fataucin tufafi ya zauna. A gida ta sauke Alƙur'ani, a makaranta kuwa da Sifaniyanci aka koyar da ita, har ya zama da shi take mafarki. Da ƙasar ta sami 'yanci, masu ilimi suka yi ƙaranci, aka ɗauke ta aikin jakadanci. Ta zauna Madrid, ta zauna Rabat, an buga mata ƙananan diwanai biyu na waƙa. Da mulki ya lalace a gida, ta ajiye aikin, ta zo hajji, ta zauna wurin ƙaninta, ba ta sake fita Madina ba.

Amma aikin bai ajiye ta ba. Duk alhajiyar da ta zo daga Andalus, inda yanzu Sifaniyanci ake yi, ko ƙasashen da ke bayan teku ta rasa mai jin maganarta, wurin Innayatu ake kawo ta. Wadda fasfonta ya ɓata, wadda mijinta ya rasu a asibiti, ita ke gaba daga ofis zuwa ofis, tana lallashin wannan, tana tsawata wa wancan. Mu kuwa, da muke ji da Larabci, muna ganin abin kamar sana'ar dillalai.

Wata biyu kafin rasuwarta ta zo gidana, ta zauna kusa da iyalina Safiyyatu, ta yi mini magana ta bayan labule.

"Malam, ina so ka zama shaida. Akwai akwati a ƙarƙashin gadona, waƙoƙina ne tun zuwana garin nan. Wata malama Sakinatu daga Garnaɗa ta Andalus za ta zo umarar azumi. Ita za a ba."

Na ce, "Hajiya, waƙa da Sifaniyanci? Da bahari da ƙafiya, ko kuwa dai zuba ce?"

Ta yi dariya har da tari. "Malam ke nan! Kullum kana kukan Andalus a darasi. Ga Andalus ta zo ƙofarka, ka ce ba ta da alwala."

Na ce in sha Allahu, irin wadda ake faɗi don a sallami mutum. Ban tambaye ta a kan me waƙoƙin suke ba. Wannan tambaya guda ita ce ta gagare ni, ni da na ƙarar da rayuwata cikin tambayar littattafai.

Bayan sadakar uku, Walid ɗan ƙaninta ya zo da buhu biyu. Magidanci ne mai shagon ɗa'amiyya, wato ƙosan Larabawa, da sambusa a unguwar Sultana, haifaffen nan, yana jin Hausa amma rabi-rabi yake mayarwa.

"Ya Shaikh, takardun Gwaggo ne. Ina tsoron in zubar da sunan Allah. Ka duba mana."

Al'adarmu ce sananniya, kuma ni ake kawo wa. Duk takarda mai harafin Larabci a ware ta, a kai akwatin masallaci inda ake tara tsofaffin mus'hafai. Saura kuwa takarda ce kawai. Na zauna na ware da hannuna: wasiƙu, addu'o'i, har takardar awon ido, duk na girmama su saboda harafinsu. Ɗaya buhun na ga rubutunta na boko, layi gajere bisa layi gajere. Na gane shi sarai, na kuma tuna wasiyyar. Sai na ce wa raina, waƙar mace da yaren Nasara ba abin da za a tsare ba ne, kuma wa ya san baƙuwar za ta zo?

"Wannan ba komai," na ce.

"Halas? Zan iya naɗe kaya da shi? Takardar tana da kauri, tana shan mai."

Na ɗaga masa kai.

Sakinatu ta zo ranar goma sha biyu ga azumi, dattijuwa mai Larabci tsantsa. Da na gaya mata abin da ya faru, sai ta ce a kai ta shagon. Muka isa bayan la'asar, masu sayen buɗa-baki sun yi layi har titi. Walid na cikin naɗe sambusa, ta miƙa hannu ta fizge takardar, sambusar ta zube ƙasa.

"Ya Hajja, lafiya?" in ji shi.

Ta karanta a zuci, sannan ta mayar da baitin Larabci da ƙarfi, kowa na ji. Ma'anarsa: na bar harshen uwata a ƙofarka, ya Ma'aiki, kamar yadda ake barin takalmi, sai na ga ba ni da wani abin da zan gaishe ka da shi. Ta juya bayan takardar. Sunan Allah sau uku, mai ya ratsa shi.

Walid ya saki matsamin da ke hannunsa, ya dube ni. "Kai ka ce ba komai, ya Shaikh."

Gaskiya ya faɗa. Wata biyu ana cin ɗa'amiyya cikin madahun Annabi, a garin Annabi, ana jefa shi a kwandon shara, da fatawata.

Muka zazzage buhun a kan teburin. Cikin takardu sama da ɗari shida, goma sha huɗu suka rage. Sakinatu ta goge su ɗai-ɗai da gefen mayafinta, ta sa cikin jakarta. Na roƙe ta ta bar mini ko da fassarar guda, in karanta wa almajiraina na darasin Andalus.

Ta ce, "Ta ba ka duka, Malam."

Ta yi sallama, ta shiga mota.